Fulin famfon sitiyari ya shiga rabi ya cije, ta yaya ake ƙarasa shi ba tare da an lalata famfon ba?

Abu_Safwan: Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'a da masu sha'awar gyaran mota. Ina neman shawararku a kan fulin famfon sitiyari, wato faifan da bel ke juyawa, da ya ƙi shiga. Motar ƙirar Amurka ce mai injin V8. Tsohon famfonta ya fara zubar da mai ta bakin shaf, wato sandar ƙarfen da fulin ke zama a kanta, yana kuma kuka idan an murɗa sitiyari, sai na sayi wanda aka sabunta, ya zo babu fuli a jikinsa. Na zare tsohon fulin da ainihin abin zarewa, ya fita lafiya bai lanƙwashe ba. Da na zo ɗora shi a kan sabon famfon da ƙusa mai zare da noti da wosha ɗin da suka zo a cikin kwalin, sai ya tafi kamar rabin hanya ya tsaya, notin ya yi tauri har ina tsoron ƙusar ta tsinke a cikin shaf ɗin. Wani ya ce in aza katako in buga da guduma, wani ya ce in gasa fulin da wuta. Ban yi ko ɗaya ba tukuna. Mene ne daidai?

MaiSifana: Wa alaikumus salam. Malam Abu Safwan, kafin komai ka ajiye gudumar nan nesa da kai. Shaf ɗin da kake gani a waje ba a kan wani ƙarfe mai ƙwari ya jingina ba a can ciki. A bayansa akwai abin da ke juyawa mai ɗauke da 'yan fikafikan ƙarfe da ke tura mai, akwai faranti biyu masu santsi da suka sa shi a tsakiya, akwai kuma ɗan zoben ƙarfe da ke riƙe shi a jikin shaf. Duk bugun da ka yi wa fulin, a kan waɗannan zai sauka, katakon da za ka aza fuskar fulin kawai zai kare, ba zai kare abin da ke ciki ba. Dalilin da ya sa aka huda bakin shaf ɗin aka yanka masa zare ke nan, domin ƙarfin matsawa ya zagaya tsakanin shaf da fuli kaɗai, cikin famfon bai ma san ana yi ba.

Injiniya_Bala: Na goyi bayan MaiSifana. Irin wannan fulin ba shi da noti ko makulli da ke riƙe shi, matsi kawai ke riƙe shi. An yi ramin fulin ya ɗan gaza kaurin shaf ɗin da gangan, bambancin bai kai kaurin gashin kai ba, kuma wannan ɗan bambancin ne ke ɗaukar duk ƙarfin da bel ke ja da shi. Saboda haka tauri dole ne, kuma yana ƙaruwa yayin da fulin ke shiga, tunda faɗin wurin da ƙarfe ke gogar ƙarfe ƙaruwa yake yi. Amma tsayawa cik a rabin hanya ba al'adarsa ba ce, akwai abin da ya tsayar da shi. Ka duba mana abubuwa huɗu. Shin notin bai kai ƙarshen zaren ƙusar ba? Wasu ƙusoshin rabinsu ne ke da zare, noti yakan kai iyaka mutum ya zaci fuli ne ya cije. Shin wosha ɗin bai lotsa ya shige bakin ramin ba? Shin ka shafa giris a zaren? Sannan shin akwai fenti a jikin shaf ɗin sabon famfon?

Ɗan_Gareji: Ni dai a ganina ana tsawaita magana. Na sha sa fuli da soket babba da 'yar guduma, ana bugawa a hankali ana zagayawa, kuma motocin suna kan hanya har yanzu.

Baba_Makanike: Yaro, ina jin kana haɗa abu biyu da ba ɗaya suke ba. Yawancin famfunan motocin Japan, irin su Toyota da Honda, shaf ɗinsu yana da haƙora ko kuma fulin ana ɗaure shi da noti, yana zamewa ya zauna da ɗan taɓawa kaɗan, noti ya ƙarasa aikin. A kan irin wannan, ɗan bugun da kake faɗa ba wani nauyi yake ɗauka ba. Famfuna ƙirar Saginaw na motocin GM, wato kamfanin General Motors na Amurka, da kuma da yawa daga na Ford, waɗanda ake matsa musu fuli, wani abu ne dabam. An taɓa kawo mini mota da aka sa wa sabon famfo da guduma, mai ita yana cewa sitiyarin ya fi da tauri idan injin yana salo. Da na buɗe bayan famfon, na tarar farantin ciki ya yi zane zagaye kamar an karce shi da ƙusa, man kuma yana ƙyalli da garin ƙarfe. Wannan garin ba a famfo yake tsayawa ba, yana bin tiyo ya shiga akwatin sitiyari, garin neman gira a rasa ido.

Ɗan_Gareji: Na ji, Baba. Waɗanda na fi yi na Japan ne, amma har yanzu ina ganin bugu kaɗan domin a daidaita bakinsa kafin a fara matsawa ba zai kashe famfo ba.

Abu_Safwan: Na gode ƙwarai. Injiniya, na duba abubuwan da ka lissafa. Zaren ƙusar yana da saura da yawa, don haka ba shi ba ne. Wosha ɗaya ne siriri, kuma ya lotsa tsakiyarsa ya shiga ciki, notin har ya ci fuskarsa. Babu giris a zaren. Sauran shaf ɗin da fulin bai rufe ba baƙi ne wuluk, da na karce da farce sai fenti ya ɗan taso, kuma a gefen bakin fulin ta baya akwai fentin da ya tattaru ya naɗe.

Injiniya_Bala: To, ka samo dalilai uku a lokaci ɗaya. Masu sabunta famfo sukan fesa fenti a kan komai har da shaf, kuma kaurin fentin kaɗai yana iya kai girman matsin da aka tsara tun farko, ka ga matsin ya ninka ke nan. Fulin yana shiga yana kankare fentin yana tara shi a gabansa, har ya zama wani abu da ya toshe hanya. Sauran biyun kuma, wosha da rashin giris, maganar gogayya ce a jikin kayan aikin. Sananne ne a wurin masu harkar ɗaure ƙusoshi cewa kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da kake murɗa noti da shi yana ƙarewa ne wajen gogayyar zare da gogayyar ƙarƙashin noti, ɗan abin da ya rage ne ke zama matsi. Idan zaren a bushe yake, wosha kuma ya lotsa, kana murɗe ƙusar ne kawai kamar za ka karya ta, fulin bai samun komai. Shi ya sa cikakken kayan sa fuli yake zuwa da ɗan boris shimfiɗaɗɗe da ake sawa tsakanin noti da fuli. Idan ba ka da shi, ka sami wosha biyu ko uku masu kauri da tauri, ka cika tsakaninsu da giris, su riƙa zamewa a kan juna.

Shawarata ita ce kada ka ci gaba daga inda ka tsaya. Ka mayar da abin zarewa ka fitar da fulin gaba ɗaya, ka wanke fentin da tina ko abin cire fenti, kana kiyaye kada ya taɓa robar sil da ke hana mai zubowa ta bakin shaf, ka duba cikin ramin da fitila, sannan ka fara daga farko. Kuma ka tabbata ƙusar ta shige ramin shaf har ƙarshe kafin ka fara, ka riƙe kanta da sifana ɗaya kada ta motsa, noti kaɗai za ka riƙa juyawa da ɗaya sifanar. Wanda ya juya ƙusar ita kanta domin ta jawo fulin, zaren cikin shaf yake ci, kuma idan wannan zaren ya tafi, aikin ya koma wani babi.

Sadiq_MaiWalda: Ni hanyar zafi nake bi, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ina ɗumama tsakiyar fulin, in ɗauko shi da safar hannu mai kauri, in aza, in ɗaure noti da sauri. Sau da yawa kashi ɗaya cikin uku na hanyar da hannu ma yake shiga kafin a taɓa sifana.

Malama_Hauwa: Ni ba bakanike ba ce, kimiyya nake koyarwa, amma bari in sa lissafi a kan maganar Malam Sadiq, domin a san iyakar abin da zafi zai iya yi. Baƙin ƙarfe yana buɗewa da kusan kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya na Selsiyos. Idan ramin fulin milimita 19 ne, aka ƙara masa zafin digiri 100, zai buɗe da kimanin milimita 0.023. Ga ido wannan ba komai ba ne, amma a ma'aunin matsi irin wanda Injiniya ya bayyana, babban rabo ne, shi ya sa Malam Sadiq yake ganin bambanci a hannunsa. Sai dai lissafin ya kuma nuna cewa zafi ba zai magance fenti mai kauri ko fulin da ba na wannan shaf ɗin ba. Kuma da zarar fulin ya taɓa shaf mai sanyi, zafin zai fara komawa cikin shaf ɗin, fulin yana tsukewa shaf yana kumbura, ribar tana ƙarewa cikin ɗan lokaci kaɗan.

MaiSifana: Malama ta faɗi abin da nake tsoro game da zafi. Idan ba ka shirya komai ba, ƙusa tana ciki, noti da wosha da sifanoni suna gefen hannunka, fulin zai huce a rabin hanya ya kama fiye da yadda ya kama yanzu. Akwai kuma abu biyu da ya kamata a faɗa wa duk mai karanta wannan. Fuli da yawa na motocin baya-bayan nan na roba mai tauri ne, tsakiyarsu kawai ƙarfe, kuma harshen wuta yana raba robar da ƙarfen ko ya tsattsage ta ba a gani ba sai an hau hanya. Na biyu, sil ɗin bakin shaf roba ne, yana nan dab da inda fulin zai tsaya, kuma robar sil ta gama-gari ba ta son zafin da ya wuce digiri 120 ko kusa da haka. Wanda ya gasa fuli har ƙarfen ya canja launi zuwa ruwan ƙasa ko shuɗi, ya kai digiri 200 zuwa 300, wannan zafin zai bi shaf ya dafa sil ɗin, sabon famfo ya fara zubar da mai kamar tsohon. Idan dole sai an ɗumama, tafasasshen ruwa ya isa, domin ba zai wuce digiri 100 ba, a share ruwan da sauri a aza. Kuma ba a ɗumama fuli yana kan famfo, kamar yadda na Malam Abu Safwan yake yanzu.

Nura_K: Idan aka sa famfon a firiza ya kwana fa? Na ga ana yi wa boris haka.

Malama_Hauwa: Yana taimakawa, amma kaɗan. Firiza tana kai wa kusan digiri 18 ƙasa da sifili, wato bambancinta da zafin ɗaki bai wuce digiri 40 zuwa 50 ba, don haka shaf mai milimita 19 zai tsuke da kusan milimita 0.01 ne kawai, ƙasa da abin da ruwan zafi zai bayar. Kuma yana fitowa raɓa za ta kwanta a kansa da cikinsa, abin da ba a so a famfon mai.

Alhaji_Mudi: Duk wannan magana ta zafi da sanyi tana da amfani ne bayan an tabbatar fulin da shaf ɗin 'yan gida ɗaya ne. Ni ba na taɓa sifana sai na auna. Famfunan Saginaw da ake matsa wa fuli ba kauri ɗaya suke ba: tsohon salon mai tankin mai a jikinsa shaf ɗinsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, wato milimita 19.05, ƙaramin salon da ya biyo baya kuma inci 0.663 ne, kusan milimita 16.8. Wannan bambancin babba ne, ido zai gani, amma abin da ido ba ya gani shi ne shaf ɗin da aka sabunta ya ɗan fi na asali kauri. Tunda tsohon famfon yana hannunka, Malam Abu Safwan, ka auna shaf ɗinsa da maikuromita, abin auna kauri mai gane ɗan ƙaramin bambanci, ka auna na sabon bayan ka cire fenti, ka gwada. Idan sabon ya fi da abin da ya wuce kima, ka mayar da famfon, kada ka yi kokawa da shi.

Haka kuma zaren cikin shaf. Akwai mai 3/8-16 na inci, akwai mai M8x1.25 na milimita, shi ya sa kayan sa fuli suke zuwa da ƙusoshi fiye da ɗaya. Haɗarin yana ga wanda zai je ya nemo ƙusa da kansa: ƙusar M10x1.5 tana kama da 3/8-16 sosai, takan kama bakin ramin ta ɗan juya kafin ta cije, mutum ya zaci datti ne ya ƙara ƙarfi ya kashe zaren. Ƙusar da ta dace da yatsu take shiga har ƙarshe. Idan ba ta shiga da yatsu ba, ko ba ita ba ce, ko ramin yana buƙatar a wanke shi a bi zarensa. Sannan ka duba kan ƙusar: ta inci mai ƙarfi tana da layi shida a kai, mai layi uku matsakaiciya ce, ta milimita kuma ka nemi mai lamba 10.9 ko 12.9.

Sani_Direba: Me zai hana a naɗa samfefa a jikin sanda a goge cikin ramin fulin har sai ya shiga da sauƙi? Ai an huta da duk wannan wahalar.

Baba_Makanike: Malam Sani, wannan hutun na ɗan lokaci ne. An riga an faɗa a sama cewa matsin nan shi kaɗai ke riƙe fulin. Idan ka goge shi ya tafi, me ya rage? Famfon sitiyari yana tara matsin mai da ya haura 70 a ma'aunin matsi na bar, wasu har su wuce 100, musamman idan aka murɗa sitiyari har ƙarshe, kuma a wannan lokacin ne shaf ke turjewa. Fulin da aka sassauta zai fara zamewa a kan shaf yana juyawa shi kaɗai, sitiyari ya yi nauyi farat ɗaya a tsakiyar kwana, ko kuma ya riƙa tafiya gaba a hankali har bel ya sauka. A motar da bel ɗaya ke juya komai, saukarsa na nufin altaneta ta tsaya, famfon ruwa ya tsaya, injin ya ɗauki zafi. Samfefa mai laushi sosai tana da wurinta, a share tsatsa ko a kwantar da ɗan tudun da ƙarfe ya tayar, a tsaya da zarar ƙarfe ya yi haske. Wannan share datti ne, ba rage ƙarfe ba. Masu ɗiga walda a bakin shaf bayan sun sassauta fuli kuwa, sun ƙona sil, sun kuma tabbatar babu mai sake zare wannan fulin.

Nura_K: Tunda ana maganar sabon famfo, ina da tambaya. Wani abokina ya canja nasa, fulin ya shiga daidai, amma famfon yana gurnani man kuma ya yi kumfa. Shin shi ma lalacewa ce ta wajen sa fuli?

MaiSifana: Ba lallai ba ne, Malam Nura, wannan ya fi kama da iska a cikin mai. A ɗaga tayoyin gaba da jak, injin a kashe, a cika tanki, a riƙa murɗa sitiyari a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan ana duba mai ana ƙarawa, har kumfa ta daina tasowa, sannan a tayar da injin. Idan man ya riga ya yi kumfa, a bar shi ya kwanta kafin a sake. Idan kumfar tana dawowa kullum, a duba tiyon da ke kawo mai daga tanki, yana iya shan iska ta bakinsa ba tare da ya ɗiga ko ɗigo ɗaya ba. Kuma a zuba man da aka rubuta a murfi ko a littafin motar, domin wasu man giya na otomatik suke sha, Honda nata man dabam ne, motocin Turai da yawa kuma CHF 11S suke so.

Abu_Safwan: Bari in dawo da mu kan fulin. Na zare shi kamar yadda Injiniya ya ce. Cikin ramin cike yake da baƙin fenti da ya danƙare, akwai kuma zane ɗaya siriri a tsaye wanda farce ke ɗan kamawa. Na wanke shaf ɗin ya yi fari tas, na kwantar da gefen zanen da samfefa mai laushi. Alhaji, na samu aron maikuromita, shaf ɗin tsoho da na sabo sun zo daidai da juna bayan cire fentin. Na kuma samo cikakken kayan sa fuli mai boris. Saura tambaya biyu: shin in shafa mai a jikin shaf ɗin ko in bar shi a bushe, kuma ina ne daidai inda fulin zai tsaya?

Sadiq_MaiWalda: A bushe. Abin da matsi ke riƙewa ba a sa masa mai, in ba haka ba yadda ya shiga da santsi haka zai fita da santsi.

Injiniya_Bala: A nan na saba da Malam Sadiq. Ɗan mai kaɗan, irin man sitiyarin kansa, wanda za a shafa da yatsa a goge har sai ƙyalli kawai ya rage, yana hana ƙarfe cizon ƙarfe. Zanen da ka gani a cikin ramin farkon wannan cizon ne, kuma idan ya fara, ƙarfen yakan tattaru ya yi ƙulli ya tsayar da fuli inda babu gaba babu baya. Matsin da ke tsakaninsu yana da girman da zai matse yawancin man ya fitar da shi. Abin da ba na so a jikin shaf shi ne giris mai kauri ko man hana kamawa mai garin ƙarfe, waɗannan wurinsu zaren kayan aiki ne kawai. Ka kuma kula da farawa: gefen fulin mai wuya da tsagi, inda abin zarewa ke kamawa, shi ke kallon waje, kuma a juyi na farko ka tsaya ka juya fulin da hannu ka ga ko yana rawa. Idan ya fara a karkace, ka zare ka sake, kada ka yi fatan zai miƙe a hanya.

Alhaji_Mudi: Kafin ka matsa, ka tabbata duk abin da ke zama a bayan fulin ya riga ya zauna. A wasu motocin ƙusoshin biraket ɗin famfo suna ɓuya a bayan fuli, idan fulin ba shi da ramukan da soket zai bi, to sai an ɗaura biraket kafin a sa shi. Fuli kuma ba ya son yawan shiga da fita, kowace tafiya tana ɗan rage masa kamu.

Sani_Direba: Bindigar iska ba za ta gama aikin cikin ƙiftawar ido ba?

Baba_Makanike: Za ta gama, ko da fulin ko da ƙusar. Bugun da take yi yana zafafa zare, yana fasa ɗan boris ɗin, kuma tana hana ka jin abin da hannu ke ji lokacin da wani abu ya fara cijewa. Ƙusa mai tauri idan ta tsinke a cikin shaf, sai an sami tsakiyarta daidai an huda da bakin huda mai juyawa hagu, kuma ba kullum take fitowa ta bar zaren lafiya ba. Sifana mai dogon hannu da haƙuri sun fi. Idan ka ji notin ya ɗumama, ka tsaya ka ƙara giris.

Abu_Safwan: Alhamdu lillahi, wannan karon ya tafi da nauyi iri ɗaya ba tare da cijewa ba, kuma ban yi amfani da zafi ba. Na tsaya da kaina lokacin da ya rage kusan milimita biyu bakin shaf ya yi daidai da fuskar wuyan fulin, domin har yanzu ba a amsa mini tambayar inda zai tsaya ba.

MaiSifana: A irin famfonka, littattafan gyaran GM suna cewa fuskar wuyan fulin ta yi daidai da bakin shaf, kuskuren da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.25 ba. Ka ƙarasa shi. Idan wosha ɗin kayan aikin shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, shi da kansa zai tsaya idan ya taɓa bakin shaf, za ka ji notin ya ƙi gaba gaba ɗaya, a nan kada ka ƙara ko kaɗan.

Alhaji_Mudi: Ni ba zan ce ya ƙarasa ba tukuna. Abin da littafi ya faɗa gaskiya ne ga famfo da fuli da biraket na asali, amma wannan famfon an sabunta shi, kuma bel ba ya karanta littafi, layi kawai yake bi. Tazarar da ke tsakanin tsagi da tsagi a bel mai layuka milimita 3.56 ce, don haka milimita biyu ya fi rabin tsagi, ya isa ya sa bel ƙara da cin gefe ko ta wane ɓangare kuskuren ya faɗa. Ƙara tura fuli ciki abu ne mai sauƙi, jawo shi baya kuwa sai an sake ɗaura abin zarewa. Ka ɗaura famfon a jikin injin yadda yake, ka aza miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe daga fulin kuranshaf, wato babban fulin injin da ke jan bel, zuwa nasa, ka gwada tsagi da tsagi ba gefe da gefe ba, tunda kaurin leɓen fuli ya bambanta.

Injiniya_Bala: Akwai shaida ta uku da ba a duba ba. Tsohon shaf ɗin yana ɗauke da alamar inda fulin ya zauna shekara da shekaru, wurin da ya rufe zai yi haske, wurin da ya bari a buɗe zai yi duhu ko tsatsa. Malam Abu Safwan, ka auna tsawon wurin mai haske daga bakin shaf, ka gwada da tsawon wuyan fulin, ka kuma auna daga fuskar da famfon ke jingina da biraket zuwa bakin shaf a tsoho da sabo. Idan waɗannan sun zo ɗaya, maganar MaiSifana ce, idan sun bambanta, sai a bi rular Alhaji. Ka kawo mana lambobin, ka kuma faɗa mana ko akwai isasshen fili tsakanin famfon da lagireto da kayan sa fulin zai shiga bayan an ɗaura shi a jikin injin.